Gurbi Huɗu da Ƙwallon Dabino Goma

Mutum uku muka rage, wasan kuwa ba ya tafiya sai da biyar: mai ba da labari ɗaya, 'yan wasa huɗu. Asabar ɗaya ta rage mana. Tsakanin La'asar da Magariba kuma awa biyu ce da 'yan mintoci. Lissafin da na yi ta juyawa a kaina ke nan duk makon, a shekarar da aka raba mu da Kano.

Ni dillalin kifi banda ne a Haɗeja. Da kwali biyu na fara, a lokacin da nake ba da labarinsa kuwa ina da sito nawa na kaina, da rumfa a gabansa. A rumfar muke wasan. Wanda ya kawo shi malamin lissafi ne na sakandare, Kirista ɗan Filato, mutum mai sanyin magana. Daga Jos ya zo da shi cikin gwangwanin biskit: wani littafin Turanci da ya sha hannu, da 'ya'yan ludo iri-iri, har da mai fuska ashirin. Ba caca ba ce, ko kwabo ba a ajiyewa. Malam ya riƙa ba da labari, kowannenmu yana da mutum ɗaya a ciki. Ka faɗi abin da mutuminka zai yi, ka jefa ɗan ludo, a ga ko ya yi nasara. Tun wata na biyu muka kwaso labarin daga ƙasar Turawa muka dawo da shi fadamarmu, da ambaliyarta da dorinarta da ɓarayin kwalekwale. Ni maharbi nake riƙe da shi. Wata takwas ina rainonsa, har ya kai ba ya kuskure.

Inda matsalar take shi ne wajen shiga. Kafin baƙo ya fara wasa sai ya ƙirƙiri mutuminsa, ya cika takarda shafi huɗu: ƙarfinsa nawa, wayonsa nawa, kyan fuskarsa, iya maganarsa, asalinsa. Kafin ya gama an kira Magariba, bai jefa ɗan ludo ko sau ɗaya ba. Mutum bakwai na jawo da hannuna, babu wanda ya dawo. Tsofaffin 'yan wasanmu kuma canjin wurin aiki ya kwashe su, saura ni da Malam da wani tela maƙwabcina.

Sai Malam ya ce mini, “Alhaji, ƙanena zai koma Jos ranar Lahadi. In Asabar ɗin nan ba mu cika biyar ba, zan ba shi gwangwanin. Can akwai masu yi.”

Da farko na ɗauka Turancin ne. Na sa Malam ya mayar da takardar Hausa, ba ta canza zani ba. Na ɗauka tsawon ne, muka rage ta zuwa shafi biyu, nan ma shiru. Sai na tuna mutum na ƙarshe da na kawo, wani mai sayar da shinkafa. Ya riƙe fensir a kan layin wayo ya fi minti goma, yana satar kallonmu, can ya ce, “Haba! Ni da bakina in ce ina da wayo?” Malam ya yi ta bayani cewa ba shi ba ne, mutuminsa ne. Ina! Kowa na kallonsa, shi kuwa dattijo ne mai 'ya'ya.

Nan na gane. A wurinmu mutum ba ya yabon kansa a gaban jama'a. Ni kaina shekara goma sha biyar ban taɓa jin masunci ya yabi kifinsa ba. Ni dillali nake yabawa, mai saye ya kushe, cikin minti biyu an daidaita. Ashe takardar Malam tana sa mutum ya zama dillalin kansa ne. To, wani ya yi masa mana. Kuma ya zama wanda yake da ikon tsokanarsa.

Ranar Asabar na gayyato mutum biyu da na zaɓa da gangan: wani Babarbare da ke kawo mini banda daga wajen Kirikasamma, da wani Bafulatani mai cinikin shanu daga Malam Madori. Abokan wasa ne tun kaka da kakanni, ba sa haɗuwa su rabu ba a yi dariya ba. Kafin su iso na tona gurbi huɗu a ƙasa gaban kowane wurin zama, irin na dara, na ajiye ƙwallon dabino goma kusa da su.

Malam ya duba ya ce, “Ina takardun?”

Na ce, “Suna sito, na danne su da buhu.”

“Alhaji, littafin bai ce haka ba.”

“Malam, littafin gobe yana hanyar Jos. Bar ni in gwada.”

Da suka zauna na nuna musu: wannan gurbin ƙarfi, wannan wayo, wannan baki, wannan sa'a. Ba naka za ka cika ba, na ɗan'uwanka za ka cika, kuma kada ka bar gurbi babu kome. In ka gama, ka faɗi sana'arsa da abu ɗaya da yake tsoro. Shi ke nan.

Ban rufe baki ba Bafulatanin ya wawuri ƙwallayen. “Kawo nan, bawana ne, na fi uwarsa saninsa. Wayo ɗaya. Shi ma don Alhaji ya hana a bar shi fanko.”

Babarbaren ya ce, “Ji ɗan daji! To ƙarfin fa?”

“Shida. Ai kai da jaki ba ku da maraba. Baki biyu, sa'a ɗaya. Masunci ne, kuma kwaɗo yake tsoro.”

“Kwaɗo? Ni? To miƙo naka. Ƙarfi ɗaya, dube shi kamar sillen kara. Wayo biyar, na gudu da kayan mutane. Wanzami ne mai rawar hannu.”

“Tsoron fa?” in ji tela, yana riƙe da ciki.

“Saniya!”

Rumfar ta kece da dariya, har mai shayin tsallaken titi ya leƙo. Malam ya duba agogonsa, ya sake dubawa. Minti bakwai. Na ga ya jawo 'yar takarda yana mayar da ƙwallayen zuwa lambobin littafinsa da sauri.

Ina cikin murna sai Bafulatanin ya nuna ni da sanda. “Tsaya. Shi Alhaji wa ya cika masa nasa?”

Na ce ai ni ina da maharbina tun tuni.

“Wanda ka yaba da bakinka? Ba mu yarda ba. Tela, cika masa.”

Na dubi Malam ko zai cece ni, ya kau da kai yana murmushi. Tela kuwa kamar jira yake: baki bakwai, sauran ɗaya-ɗaya. Sana'a, maroƙi. Abin tsoro, shiru. Na haɗiye, domin ni na kafa dokar, kuma in na yi gardama mutanen nan biyu tashi za su yi. Ni ma na rama a kan tela, na mai da shi makiyayi mai tsoron allura.

Wallahi ban taɓa ganin wasa kamar na ranar ba. Malam ya ɗora mu a kwalekwale tsakiyar ambaliya, sai ga kwaɗo ya faɗo ciki. Babarbaren da kansa ya miƙe tsaye yana ihu, ya ce masuncinsa ya yi tsalle cikin ruwa. Ya jefa mai fuska ashirin, ya sami biyu kacal, masuncin ya fara nutsewa. Wanzamin Bafulatanin ne ya jawo shi da igiya yana zaginsa. Da ɓarayi suka tare mu a tsibiri, ba ni da kibiya ko ɗaya, sai na wasa shugabansu da kirari har ya ba mu kwalekwalensa kyauta. Maharbina bai taɓa samo mana kwalekwale ba.

Kiran Magariba ne ya tashe mu. Bafulatanin yana kaɗe riga ya ce, “Kada wanda ya share gurbin nan. Asabar zan zo da ƙanen matata, ni zan cika masa.”

Malam ya rufe gwangwanin, ya miƙo mini. “Ajiye a sito, Alhaji. Ƙanena sai ya tafi da gyaɗa a madadinsa.”

Abin da na rasa a ranar maharbi ɗaya ne na wata takwas, da takarda shafi huɗu. Na samu 'yan wasa biyu, na uku yana tafe, gwangwani kuma ya zauna a Haɗeja shekara shida, har ƙamshin banda ya kama littafin. Na yi ciniki da yawa a rayuwata, kaɗan ne suka kai wannan riba.