Inda Kawu Sule Yake Tsayawa

Ina ofis a Sakkwato ranar wata Laraba aka ce direban motar kifi daga Yawuri yana nemana a bakin ƙofa. Yadda ya riƙe hannuna ya ƙi saki, na san ba lafiya ba. Ya ce, "Malam Manu, sai haƙuri. Kawunka Sule ya rasu shekaranjiya, har an kai shi." Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Nan take na tuna akwai alkawarin da ban cika masa ba.

Kawu Sule wan mahaifiyata ne, shi ya riƙe ni bayan Inna ta rasu ina ƙarami. A tsohon garinmu aka binne ta. Ba a jima ba aka tare Kwara a Kainji, ruwa ya taso ya cinye garin da masallacinsa da maƙabartarsa, aka kwashe mu zuwa wani kwari tsakanin duwatsu biyu kusa da Wara.

Kawu masunci ne, amma ana tsokanarsa cewa ƙafarsa ta fi jirginsa aiki. Ranar Juma'a ba ya shiga ruwa. Da hantsi zai ɗauki sanda da goran ruwa, ya sa ni gaba, mu bi gefen ƙorama ta cikin ɗorawa da kanya har mu kama hanyar dutse. Ba ya wuce ƙaya a hanya sai ya kawar, saboda Fulanin da ke bi da shanu. In na kama tsinkar ɗinya ba ji ba gani, sai ya ce, "Bar ma birai nasu, su ma da iyali." In na ruga gaba kuwa, ya ce, "Rage sauri, Manu, ba kora aka yi muna ba."

Daga saman dutsen ana ganin tafkin gaba ɗaya, da tsibirai, da jiragen masunta ƙanana can ƙasa. Amma ba kallo kaɗai ke kai shi ba. Lokacin da ruwa ya ja baya a farkon damina, kututturan giginyar tsohon gari sukan leƙo. Kawu zai hau wani falalen dutse, ya daidaita kututture guda da wata tsaga a tudun ƙetare, ya miƙa sanda ya ce, "Innarka tana nan, ɗan dama kaɗan." Sai ya ɗaga hannu ya yi addu'a mai tsawo. Ni ma nakan ɗaga, amma wallahi idona yana kan tsuntsaye.

Da na samu aiki a Sakkwato, hawan dutse ya zama mini abin ƙauye. Zuwana na ƙarshe da Babbar Sallah, ya kira ni gindin rumfa ya ce, "Gwiwa ta fara ƙi na. In ruwa ya ja bana, ka taho da takarda da biro ka rubuta wurin, tunda ku 'yan boko ba ku riƙe abu sai a takarda."

Na yi dariya na ce, "Haba Kawu, ai dutse ba gudu zai yi ba."

Ya dube ni ya ce, "Dutse yana nan. Ni ka tahiya."

Ruwa ya ja. Ya aiko wannan direban ya gaya mini. Na ce a ce masa aiki ya yi yawa, sai baɗi. Ƙarya nake, bikin wani abokina na tafi Gusau. Ina faɗin wannan a fili ne domin ya daɗe yana ci na.

Da na zo gaisuwa, matarsa Inna Hajo ta gaya mini shi kaɗai ya hau a bana, bai sauko ba sai la'asar, ƙafa a kumbure. Ta yi masa faɗa, ya ce ai sai da ya yi wa ƙanwarsa addu'a kashi biyu, nasa da na Manu.

Bayan addu'ar bakwai na hau dutsen. Hanyar ban manta ba, ga kanyar, ga ƙoramar. Amma a sama na tarar falalen dutse ba ɗaya ba ne, suna da yawa, kututturan ma birjik a cikin ruwa. Na tsaya nan, na koma can, babu wanda ya yi mini kama. Na tambayi dattawan gari, kowa da inda yake nunawa. Ƙarshe na ɗaga hannu na fara addu'a daga wannan bakin tafki har wancan, ina kuka kamar yaro.

Allah ya jiƙan Kawu Sule, ya gafarta masa, ya sa kowace ƙaya da ya kawar daga hanya ta zama masa lada. Allah ya ba Inna Hajo da 'ya'yansa haƙuri, ya albarkaci bayansa. Ni kuma Allah ya yafe mini. Ya Ubangiji, ka kai rahamarka ga Inna, kai ka san inda take kwance, ni ɗanta ban sani ba.