Malam Garba, Mai Sayen Gero Don Gwada Kwano

Ina alwalar la'asar a ƙofar gidana a Kaura Namoda sai wani ɗan kabu-kabu ya tsaya, ya ce daga Zurmi aka aiko shi: Malam Garba ya rasu da hantsi. Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Kafin in yi salati ma, abin da ya fara fita bakina shi ne, "Wani abu aka yi mishi?" Ya ce a'a, zazzaɓi ne na kwana huɗu. Na ji kunyar tambayar, amma duk wanda ya san aikinmu ba zai ga laifina ba.

Bayan an ƙaddamar da Shari'a a jiharmu, an matsa a kan gyaran awo. Kwamitin da ke kula da kasuwannin yankinmu ya ɗauki mutane kaɗan da ba a san fuskarsu ba, su riƙa shiga kamar masu saye, su sayo hatsi, a sake aunawa da kwano na gaskiya. Ni malamin firamare ne da ya bar aji, aka haɗa ni da Malam Garba, dattijon manomi, ya koya mini.

Ranar farko ya dube ni daga sama har ƙasa, ya ce in cire agogo, in bar takalmin makaranta a gida. "Mai gero ƙafa yaka duba kamin ya dubi fuska," in ji shi. Ya koya mini in yi ciniki sosai, don wanda ya biya ba tayi an san ba da guminsa yake saye ba. In haɗa da gishiri ko daddawa, kada in sayi hatsi kaɗai. Kada in kafa wa kwano ido, in kalli hannun mai awo. Babbar dokarsa kuwa, kada in rubuta komai sai na bar garin.

Wannan dokar na karya wata Alhamis a kasuwar Shinkafi. Na sayi gero kwano uku wurin wani mai awo da ake kira Ɗan Ige, na ji tsoron mantuwa, na laɓe bayan rumfa na ciro takarda. Ban gama layi ɗaya ba na ji an shaƙe wuyan rigata. A lokacin jita-jita ta cika kasuwanni cewa duk wanda aka kama da tauye mudu hannunsa za a yanke. Ba haka ba ne, amma mutane sun yarda. Ɗan Ige yana ihu, "Ga shi nan! Wanga ne aka turo a raba mu da hannuwanmu!" Nan da nan aka kewaye ni. Na ga sanduna, na ga wani ya duƙa yana ɗaukar dutse. Na kasa ko kalmar shahada.

Malam Garba yana can layin dawa, ba wanda ya san tare muke. Da ya yi tafiyarsa, ba mai cewa komai. Sai ga shi yana ratsa mutane da buhunsa a kafaɗa.

"Ku sake shi," ya ce. "Ni na zo da shi. In duka za ku yi, ku fara da furfura."

Ya sa aka ɗauko kwanon sarkin kasuwa, aka juye gerona a gaban kowa. Awon bai cika ba, an bubbuge gindin kwanon Ɗan Ige ya shige ciki. Taron da ya so halaka ni ya juya kan mai awo. Malam Garba ya kama hannun mutumin ya riƙe gam, ya ce, "Kwano munka zo gwadawa, ba mu zo zubda jini ba." Haka ya ja mu duka biyu har rumfar sarkin kasuwa. A rahoton da Malam Garba ya kai wa kwamiti ya faɗi tauyewar, ya kuma faɗi cewa mutumin ya yi mini gyara da hannu biyu. Aka karɓe kwanon, aka ja wa Ɗan Ige kunne.

A mota muna komawa na ga carbi yana ta zamewa daga yatsun Malam Garba. Na ce, "Baba, ashe kai ma ka ji tsoro?" Ya ce, "Malam Bello, tun da nis soma aikin ga ban taɓa shiga kasuwa ba tsoro ba." Bai yi mini faɗa ba, ko sau ɗaya. Daga ranar fuskarsa ta sanu, Shinkafi ta haramta gare shi, aka yi watanni ana aiko masa da maganganu marasa daɗi har gida. Iyalinsa suka roƙe shi ya bari. Ya koma ƙananan kasuwanni irin Gurbin Bore ya ci gaba, har ciwon ajali ya kwantar da shi.

Ya Allah, ka jiƙan bawanka Garba, ka gafarta masa, ka yalwata kabarinsa, ka amintar da shi daga firgicin ranar tsayuwa, ka nauyaya mizaninsa. Ka ba matarsa Inna Hajo da 'ya'yansa haƙuri, ka zama gatansu. Mu da muka rage, ka sa mu cika da imani. Amin.