Babur ɗin da na saya ban ji kukansa ba

Ni a wancan lokacin babu wanda ya kai ni cika baki a kan babur a duk Greensboro ta Amurka. Haifaffen Maraɗi ne ni, kuma nakan gaya wa 'yan'uwa a ƙofar masallaci cewa daga jin ƙarar inji zan faɗa maka ciwonsa da shekarunsa. Abin da ban taɓa faɗa ba, ban taɓa mallakar ko keke ba, a bayan ɗan kabu-kabu na ƙare karatuna.

Da maiɗakina ta samu aikin kula da tsofaffi, motarmu ta koma hannunta. Ni kuma ga sito na kayan katako da nake aiki can wajen Sedgefield, sai na hau bas zuwa tashar cikin gari, in sake wata. Kullum a makare. Shugaban aikinmu ya ce in na ƙara, in nemi wani wuri. A nan ne wani dattijo ɗan garinmu, sa'an mahaifina, ya ce ɗansa ya bar babur a gareji. Na je ya tarbe ni da shayi, muka gaisa har kan kakanni, sannan ya yaye bargo. Wani jibgegen abu kamar bijimin layya! Ya ce batir ne kawai ya yi sanyi. Wallahi bakina ya ɗauko maganar a tayar in ji, kunya ta danne ta. Ta yaya zan nuna ina shakkar Alhaji a gidansa, kofinsa na hannuna? Na biya, har da godiya.

Na sa sabon batir, shiru. Bakaniken nan Amurka kuwa aka ce da awa yake caji, na ce ban yi lalacewar nan ba. Na kira wani bakanike na can gida Maraɗi ta bidiyo, wanda bai taɓa taɓa abin da ya wuce ƙananan baburan China ba. Ya ce in buga kik, na zagaye babur sau ba adadi, babu kik. Ya ce in ciro bujin, wato fulogi, in gasa a wuta, na tarar da huɗu. Ya ce in zuƙi tiyon mai da baki. Na zuƙa, na haɗiyi esans, wato fetur, da ya tsufa ya koma kamar kunun kanwa, sati guda ko tuwo na ci sai in ji ɗanɗanon gidan mai. Da na mayar da komai, kusoshi suka ragu cikin tasa, ya ce kar in damu, Turawa almubazzarai ne.

Ranar Litinin babur ya tashi, hayaƙi ya rufe unguwa, na fita ina ɗaga wa maƙwabta hannu kamar ɗan takara. Ban yi rabin hanya ba ya yi tari ya mutu. Na tura, na tura, har na isa sito a jiƙe, na tarar an ba wani gurbina. Bakaniken da na raina ya duba daga baya, ya ce tanki ya ci tsatsa, ɓeraye sun yi gida a inda iska ke shiga.

Har yau in na tuna raina tafasa yake, kuma da kaina na fi jin haushi. 'Yan'uwa, girmama manya wajibi ne, amma ranar ciniki ku ajiye kofin shayin ku ce a murɗa makulli.

Da na koma wurin Alhaji ina huci, na zayyana masa komai, har aikin da na rasa. Ya saurara tsaf, ya gyara hularsa, ya dube ni da tausayi ya ce, "Au, yaro, wai hawa za ka yi? Ni na zaci masu sayen ƙarfe za ka kai wa."