Takardun Kaka da aka binne a Inugu

Ko zan manta komai na zamana a Inugu, ban da yadda aka yi da takardun kakanmu.

Kakan namu malami ne, ya biyo fatake daga Arewa ya zauna a unguwar Asata har ya rasu. Ya bar akwati cike da ajamin da ya rubuta da hannunsa, waƙoƙin wa'azi da labarin yadda Hausawa suka fara zama a unguwar. Danshin damina ya ci gefen takardun, gara ma ta sa baki. Wata shekara masu bincike daga wata jami'a suka zo suka ɗauki hoton kowane shafi, suka ɗora a intanet kyauta. Kawuna, wanda akwatin ke hannunsa, ya yi ta yawo da waya a kasuwar Ogbete yana nuna rubutun babansa, har wanda bai tambaya ba.

Daga nan ya yanke shawara. A wurinmu ba a barin takarda mai sunan Allah tana ruɓewa ɓeraye na bi ta kanta, binnewa ake yi. Tunda hoton na nan, in ji shi, lokaci ya yi.

Ni kuwa da ma an san ni da baki, ga shi ko waya ba ni da ita a lokacin. Na ce, "Kawu, wa ke riƙe da hotunan nan? Kuma har yaushe? A buga mana su a takarda tukuna mana."

Ya yi dariya. "Ke dai ba kya rabo da gardama. Abin da ake buɗewa har a Makka, ina za shi?"

Aka naɗe takardun a farin ƙyalle aka kai maƙabarta. Na yi kuka ranar, na haushi.

Bayan shekaru na zo gida daga Anaca, inda nake aure. Kawu ya tsufa, ido ya yi rauni. Ya miƙo mini wayarsa in karanta masa waƙar babansa. Na buɗe, babu shafin. Muka yi ta cigiya, aka ce aikin masu binciken ya ƙare, masu shi sun watse, ba wanda aka bar wa ajiyar.

Kawu ya karɓi wayarsa ya ajiye. Can ya ce, "Ashe sau biyu muka binne Baba."

Gaskiyata ce ta fito, amma wallahi ban ji daɗinta ba. Tun daga ranar, duk ilimin da aka ce mini kyauta ne kowa ya gani, sai na tambayi wanda ya ɗauki nauyin ajiye shi. In ba a nuna mini shi ba, na asali ba ya barin hannuna.