Alwalar Yaya

Ni dai Allah ya yi ni da zargi, kuma ban taɓa ɓoyewa ba. Ko gaisuwa aka yi mini ta wuce kima sai na tsaya na duba abin da ke bayanta. Saboda haka ranar da likitar nan ta yi wa Yaya murmushi, ta ce akwai wani sabon tsarin magani da suke gwadawa kuma tana ganin zai dace da shi, sai na ƙura mata ido. Na ce a raina, da walakin goro a miya.

Yaya shi ne babbanmu, ni ce auta. Ya daɗe a Birmingham yana tuƙa bas, gidansa yana Sparkbrook a bayan Stratford Road. Ni kuwa karatun maigidana ne ya kawo mu Manchester, muka kama flat a Withington. Abin da aka san Yaya da shi tun muna Kano shi ne riƙon alwala. Mutum ne da zai yi alwalar azahar ya kai ta har isha'i, kuma ba ya ɓoye jin daɗinsa da hakan. In liman bai zo ba a ɗan masallacin unguwarsu shi ake turawa gaba, ga murya ga karatu.

Da ya fara ganin jini a fitsarinsa dariya ya yi, wai tsargiya ce ta dawo. A unguwarmu duk yaron da ya yi wanka a kududdufi ya yi fitsarin jini, har tsokanar wanda bai yi ba ake yi, a ce bai cika namiji ba. Amma tsargiya a Birmingham, mutum da furfura a gemu, jama'a! Sai da matarsa ta zauna ta yi masa kuka sannan ya je wurin GP, wato likitan unguwarsu. Aka zura masa kyamara, aka kankaro abin aka auna, aka ce ciwon daji ne a mafitsara, kuma ya ci har cikin naman bangonta. Mafita ita ce a cire mafitsarar ɗungurungum, a fito da hanyar fitsari ta gefen ciki, a manna masa jaka. Akwai maganin da aka saba bayarwa kafin tiyata, amma ƙodarsa ba za ta ɗauka ba, shi ya sa aka turo shi wani asibiti da ke kusa da gidanmu. Ni na raka shi.

Likitar ta yi bayani dalla-dalla. Abu biyu za su haɗa masa kafin wuƙa. Na farko ƙarin ruwa ne mai ɗauke da maganin da ke tayar da garkuwar jiki ta yaƙi ciwon da kanta. Na biyu gashi ne da na'ura, a saita shi daidai kan mafitsara. Fatansu shi ne gashin ya farfasa ciwon, garkuwar jiki ta gane shi, ta bi shi duk inda ya ɓuya. Bayan haka sai tiyata.

Na ce mata, in dai a ƙarshe sai an yanka, me ya hana a yanka gobe? Me za ku samu da jinkirin? Turawa nawa ne a cikin wannan gwajin naku? Ba ta ji haushi ba, ta amsa ɗaya bayan ɗaya. Ta ce su ma ba su tabbatar ko wannan hanyar ta fi ba tukuna, shi ya sa ake kiranta gwaji, kuma yana da ikon ya ƙi, ko ya janye duk ranar da ya ga dama. Mu da muka tashi a Kano kalmar gwaji ba ta yi mana daɗin ji. Na juya harshe na ce wa Yaya da Hausa, "Wallahi zakaran gwajin dafi za su mayar da kai. Tashi mu tafi."

Ko kallona bai yi ba. Tambaya ɗaya tak ya yi wa likitar: akwai waɗanda abin yake ɓace musu gaba ɗaya? Ta ce akwai waɗanda in an ciro mafitsarar aka duba ba a samun ciwo mai rai a ciki. Nan take ya miƙa hannu ya karɓi biro.

Ya dawo gidanmu da zama har a gama, muka ba shi ɗakin yara. Ni kuwa na zama ɗan sandan ciki. Duk zuwa asibiti ina biye da shi, ina ƙare wa masu jiran layi kallo don in ga ko mu baƙaƙe kaɗai aka tara. Sai in ga tsofaffin Turawa da sandunansu, da wani dattijo mai rawani da 'yarsa ke turo shi a keke. Bai sa na saki jiki ba. Aka yi masa wasu ɗige-ɗige baƙaƙe a ƙugu don saita na'ura, na ce sun yi maka shaida kamar ragon kasuwa. Na lura kuma da zarar za a kunna na'urar sai ma'aikatan su fice su rufo ƙofa. Na tare wata nas na ce, in abin alheri ne me ya sa ku kuke gudu? Ta yi dariya ta ce shi na ɗan lokaci zai sha, su kuwa kullum suna wurin. Amsar ta shiga, amma ban nuna mata ba. Har shayi da biskit ɗin da suke miƙa mana sai da na ce wa maigidana banza ba ta kai zomo kasuwa. Ya ce ke dai Allah ya shirye ki.

Jikin Yaya ya ji jiki. Ga ƙaiƙayi, ga gajiya, ga zaryar banɗaki ba dare ba rana. Mutumin da ke kai alwala ɗaya har isha'i ya koma sai ya yi alwala ya shimfiɗa darduma, kafin ya tayar da kabbara ya sake komawa. Amma fara'arsa ba ta ragu ba. Yana tsokanar yara da Turancinsu na Manchester, yana bitar karatunsa a falo da 'yar muryarsa ƙasa-ƙasa. Na ɗauka tawakkali ne.

Innarmu tana Kano, ba mu gaya mata komai ba. Muka ce wurin aikinsu ne suka turo shi kwas. Ita dama ba ta cika tambaya a kansa ba, don shi ne ɗan fari. Tunda na yi wayo ban taɓa jin sunansa a bakinta ba. Kakarmu ce ta goye shi. In Inna za ta yi maganarsa sai dai ta ce "wancan", in kuma ya gaishe ta a waya ta amsa a gajarce ta ce a ba ta jikokinta.

Da aka gama aka ɗauki hoto, abin ya motse har da kyar ake ganinsa. Likitar ta ce alama ce mai kyau, amma hoto ba ya ganin komai, shawararsu tana nan a kan a cire. Aka sa ranar tiyata, ta faɗo a farkon azumi. Wata nas ta ba shi jaka ta gwaji, ya riƙa mannawa a gida don jikinsa ya saba. Ya karɓa da godiya, ya koma Birmingham ya huta kafin ranar. Bayan tafiyarsa ina gyaran ɗakin yara na tsinci jakar a saman kwaba, ko ledarta ba a farke ba. A nan ne zargina ya bar kan likitoci ya koma gida.

Ranar Asabar na hau jirgin ƙasa, wai zan yi cefanen azumi a Stratford Road, tunda naman can ya fi namu. Na tarar da matar Yaya a kicin tana suyar albasa, fuskarta fes. Ta rungume ni ta ce, "Auta, kin ga ikon Allah ko? An fasa tiyatar. Har ya karɓi limancin asham na bana."

Na ce, "Anti, wa ya ce an fasa?"

Ta ce shi ya faɗa mata. Sai ludayin ya tsaya a hannunta.

Na same shi a falo da Alƙur'ani a buɗe. Ban ko zauna ba. Na ce, "Yaya, ashe tun ranar farko ba shirin tiyata kake yi ba, hanyar gudu kake nema."

Ya rufe Alƙur'anin a hankali. "Kin ga hoton da idonki."

"Na kuma ji abin da likita ta ce da kunnena."

"Ikon Allah! Ke da kika ce zakaran gwajin dafi suka mayar da ni, yau ke ce lauyarsu?"

Na ce har gobe ban gama yarda da su ba, amma su ba su yi wa matansu ƙarya ba. Wannan ta shige shi. Ya ce ba mutuwa yake tsoro ba, kowa da ranarsa. Abin da ba zai iya ba shi ne ya tsaya gaban mutane da ledar fitsari a jikinsa. Na ce ai malamai sun ce mai lalura sallarsa ta yi. Ya ce, "Na fi ki sanin wannan, Auta. Sallata ta yi. Amma ni da gaban sahu har abada. Ki bar ni in gamu da Ubangijina da tsarkina."

Raina ya ɓaci, tsoro kuma ya kama ni, don na san in abin ya dawo ba a mafitsara kaɗai zai tsaya ba. Na ciro waya. Ya gane wadda zan kira, ya ce kar ki kuskura. Na kuskura.

Na zayyana wa Inna komai, tun daga jinin har jakar da ke saman kwaba. Ba ta katse ni ba. Ina jin rediyonta a gefe, sai na ji an kashe. Ta ce, "Ba shi." Na buɗe muryar wayar na ajiye ta a gabansa.

Sai Inna ta kira sunansa. Sunansa na yanka, cikakke, sau biyu. Matarsa da ke tsaye a bakin ƙofa ta toshe baki da gefen mayafi. Inna ta ce, "Ban goye ka ba, ban yi maka wasa ba, kunya ta hana ni. Amma ni na haife ka. Ban taɓa roƙonka komai ba. Ka je a cire. In ka riga ni da gangan ban yafe ba."

Yaya ya sunkuyar da kai, hawaye yana bin gemunsa. Ya ce, "To, Inna."

An yi tiyatar, ya sha wuya, ya tashi. Asham ta bana wani ya ja. Bayan sallah muka koma jin sakamakon abin da aka ciro. Likitar ta shigo da murmushin nan nata, ta ce labari ne mafi daɗi da za ta iya ba mu: an yayyanka mafitsarar an duba, da ƙulullukan da ke kewaye da ita, ba a sami ciwo mai rai ko kaɗan ba.

Na ce alhamdu lillahi da ƙarfi. Yaya kuwa sai ya ce, "Wato lafiyayya kuka cire."

Likitar ta ce babu yadda za a yi a tabbatar da haka sai an ciro, kuma akwai waɗanda hotonsu ya yi kyau kamar nasa amma aka tarar da saura. Na zuba mata ido ina neman ƙarya a fuskarta, wallahi so nake in samu, in sami wanda zan ɗora wa. Ban samu ba. Shi kuwa Yaya ba ita yake kallo ba, ni yake kallo. Har yau in aka mayar da ni falon nan na Sparkbrook zan sake kiran Inna. Amma kallon nan ya zauna mini a ƙirji, kuma ya yi mini ciwo.

Ranar a gidanmu ya yi magariba. Maigidana ya shimfiɗa darduma, ya ja da baya kamar yadda ya saba, ya nuna wa Yaya gaba. Yaya ya shafa gefen cikinsa na dama, inda jakar take, ta saman riga, sannan ya kama kafaɗar maigidana ya tura shi. Maigidana ya ce haba Yaya, shi kuma ya ce wuce kawai. Ina bayansu, ban san ma surar da aka karanta ba.

Da aka sallame ya daɗe yana jan carbi. Sai ya waiwayo ya ce, "Auta, kira Inna. Ki ce mata wancan yana nan da ransa."