Wasiƙar da Malam Ya Sake Rubutawa

Saura wata biyu bizata ta ƙare aka hana ni tallafin karatun da na nema. Na gama digiri na biyu kan tsabtar ruwan sha a wata kwaleji a unguwar Bloomsbury, can ƙasar Turawa, ina son in zarce digiri na uku, kuma ba ni da mai ɗaukar nauyina. Tallafin nan ba ruwansa da ɗan wane, ƙwazo kawai ake dubawa, shi ya sa na sa rai. Amma ko ganawa ba a kira ni ba. Kwana biyu ina huce haushina a kan tukwane a flat ɗin Anti, ƙanwar mahaifiyata, a unguwar Camberwell.

Na je wurin Baturiyar da ta duba aikina, mace ce da ba ta iya kwana-kwana ba. Ta ce sakamakona ba shi da aibu, ta tambaye ni wanda ya rubuta mini wasiƙar shaida ta biyu, tunda ita ta rubuta ta farko. Na ce malamina ne na jami'a a Kano, har ya turo mini kwafi. Na miƙa mata wayata ina taƙama.

Malam ya rubuta cewa ni yarinya ce mai ladabi da biyayya, mai kunya, 'yar gidan mutunci, ba a jin muryata a aji, ban taɓa musu da na gaba da ni ba. Baturiya ta cire tabarau ta ce, "Wa ake nufi a nan? Ke da kika shekara kina hana ni shan shayi da gardama?" Ta ce masu ba da tallafin wanda zai gano kuskuren manya suke nema, ga shi an shaida musu ba na buɗe baki.

Kaico! Malam duk abin da ya san ana yabon 'ya mace da shi ya zuba mini, kamar masu binciken aure ne suka zo masa.

Saura wani tallafi ɗaya da zan iya nema, kwana tara a rufe. Da na gaya wa Anti zan roƙi Malam ya sake wasiƙa, salati ta saka. "Dattijo ya yi miki karamci, ki ce masa bai yi daidai ba? Ke kam ba ki da ta ido." Na ce, "Anti, in na yi kunya an yi reject ɗina ke nan, sai jirgin Kano." Na riga na ƙudura.

Ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci na samu benci a wurin shaƙatawa na Regent's Park na kira Malam. Muka gaisa, na tambayi iyali da ƙafarsa mai ciwo, har gaisuwa ta ƙare mini.

"Allah ya gafarta Malam, alfarma nake nema. Ina so a rubuta musu labarin gwajin rijiya."

A shekararmu ta ƙarshe Malam ya koya mana wata hanyar gwada ruwan rijiya, ni kuma na miƙe a gaban aji na ce hanyar tana ɓoye ƙazantar ruwan. Ya kore ni waje. Na sake gwajin sau uku na kai masa sakamako ofis, nawa ne daidai. Mahaifina da ya ji, sai da ya sa na je na durƙusa na ba da haƙuri. Tun daga ranar ba wanda ya sake ta da maganar.



"'Yar nan," in ji Malam, "shekara nawa ina rufa miki wannan asiri?"

"Malam, a nan shi ne abin da suke so."

"Kin san in na rubuta, sai na rubuta cewa ni ne na yi kuskure?"

Ban yi tunanin wannan ba sam, kaina kawai na sani. Kunya ta rufe ni, na so in ce a bari. Na ciji leɓe na ce, "Na sani, Malam."

Ya ce to, ya kashe waya.

Kwana shida ban ji ɗuriyarsa ba, ni kuma ban isa in tuna masa ba. A na bakwai, ina cikin bas, kwafin ya shigo. Shafi biyu ne, a takardar jami'a, da sa hannunsa. Ya faɗi hanyar da ya shekara da shekaru yana koyarwa, da yadda ɗaliba ta tsaya a gaban aji ta ƙaryata shi, da yadda ya kore ta. Ya rubuta cewa ita ce da gaskiya, kuma tun daga lokacin hanyarta yake koyarwa, bai taɓa gaya mata ba. Na yi ta kuka har bas ta wuce da ni tasha biyu.

An kira ni ganawa, bayan mako uku aka ba ni tallafin. Na kira Malam ina ta zuba godiya, ya katse ni.

"Bar godiya. Ke kika durƙusa a ofishina, alhali ni ya kamata in ba ki haƙuri. Ki yafe mini."