Gilasan Ya Gumsu

Ya Gumsu ba ta yarda da kowa ba, kuma ba ta ɓoyewa. Shekararta ashirin da biyu a ɗakin gwajin jini na ƙaramin asibitinmu da ke Gwange, amma har yau idan ka miƙa mata yatsa sai ta tambayi sunanka sau biyu, ta haɗa da na mahaifinka. Wai a unguwar nan in ka kira Falmata, mata biyar ne za su miƙe. Ni Rahmat, nas ce a wurin, kuma gaskiya a da halinta yana ba ni haushi.

Shekara uku da suka wuce wani shirin yaƙi da maleriya ya kawo mana tsinken gwaji. Ɗigon jini ɗaya, minti goma sha biyar: layi biyu akwai cuta, layi ɗaya babu. Aka ce a huta da madubin nan da take leƙa ƙwayoyin cuta a ciki. Kowa ya yi murna ban da ita. Da zafin Afrilu ya shigo sai ta koma ɗiban ɗigo biyu, ɗaya a tsinke, ɗaya a kan ɗan gilashi, ta rubuta masa lamba ta jera a akwati.

A nan na fara sa mata ido. Tsinke ya ce babu, ita ta rubuta akwai, a ba mutum maganin shirin, wanda kyauta ne. Wata ranar Laraba kuma na ga ta cusa fakiti guda cikin laffayarta ta fice. Raina ya ɓaci. A wannan makon ne mahaifiyata, Ya Gana, ta zo da zazzaɓi, tsinke ya nuna layi ɗaya, na sallame ta da farasitamol don bin doka. Ga wata kuma tana kwasar magani!

Da masu tantance shirin suka zo, na ja shugabarsu, Madam Florence, gefe na faɗa mata. Ta buɗe rajista, ta sami mutum arba'in da tsinke ya wanke amma Ya Gumsu ta ce suna da cuta.

"Hajiya, ko dai idonki ya gaji, ko kuma maganin yana zuwa wani wuri," in ji Florence. "In hakan ta tabbata, zan rubuta a ɗauke ki daga ɗakin nan."

Ya Gumsu ba ta ɗaga murya ba. "Madam, taɓa bangon sito ɗin nan tukuna."

Sito ɗin, inda ake ajiye tsinken gwaji, kwantena ce ta ƙarfe, a tsakar rana. Florence ta ɗora tafin hannu, ta janye da sauri. Daga nan Ya Gumsu ta kai mu bayan asibiti, gindin darbejiya. Ga randa babba, da ƙarama a cikinta, an cika tsakaninsu da jiƙaƙƙen yashi, irin yadda ake yi wa tumatir. Cikin ƙaramar tsinken gwaji ne a leda.

"Kwali ɗaya na raba biyu makon jiya," ta ce. "Rabi can, rabi nan. Ki zaɓi mai zazzaɓi da kanki, kada ki yarda da ni."

Florence ta zaɓi mutum shida. A uku daga cikinsu tsinken sito ya ce babu, na randa ya ce akwai. Duk da haka ba ta sakankance ba. Ta kwashe gilasan arba'in, ta rufe lambobinsu, ta aika babban ɗakin gwaji a duba ba tare da an san abin da aka rubuta ba.

Bayan mako uku sakamako ya dawo. Talatin da bakwai sun yi daidai da idon Ya Gumsu. Aka kwashe kayan daga kwantena, tunda zafinta ne ke lalata tsinken. Ita kuwa ko godiya ba ta tsaya amsawa ba, sai cewa ta yi a dawo mata da ukun nan ta sake gani, don ba ta san ko ita ta kuskure ko su ba.

Ni aka ba takardar in shigar a rajista. A lamba ta goma sha bakwai na ga sunan mahaifiyata, akwai cuta, da yawa ma. A gefe, cikin rajistar, Ya Gumsu ta rubuta fakiti ɗaya, ranar Laraba. Ashe ta ɗibi ɗigo na biyu ina can ina cika takarda.

Kunya ta hana ni shiga ɗakin gwajin. Na tari keke napep na wuce gida Mafoni, na tarar da Ya Gana a tsakar gida tana tsince shinkafa. Na tambaye ta wa ya ba ta magani.

"Gumsu mana," ta ce, ko ɗagowa ba ta yi ba. "Kwana uku tana zuwa, sai ta ga na haɗiye take tafiya. Ai na zaci ke kika aiko ta."